Sati Biyun da Likita Ya Nema

Sati biyu kacal likitan ido ya nema. Ya faɗa a gaban Auta, ya maimaita, ya juya katin asibiti ya rubuta a baya don kada wani ya ce bai ji ba. Aikin idon shi kansa ba ya cin awa guda, in ji shi, amma bayan an yi, Inna ba za ta sunkuya ba, ba za ta ɗaga abu mai nauyi ba, ba kuma za ta goya yaro ba har kwana goma sha huɗu. Idon hagu ya riga ya tafi, babu sauran magana a kansa. Na dama ake so a ceta.

"Hawan jinin ido ba ya ihu, Inna," in ji likita. "Daga gefe yake ci, a hankali, abin da ya ci kuma ya ci ke nan. Maganin ɗigawa ya daina riƙe shi. Kada ku bari a wuce wata guda."

"Wata guda ma ai ya yi nisa, Likita," in ji Auta, 'yar Inna ta ƙarshe, wadda Inna ke zaune a gidanta. Ta ciro waya daga jaka ta shiga latse-latse. "Ga shi na sa a kalanda."

Ita wannan kalanda sai an yi bayaninta, don a gaskiya ita ce mai gidan. Auta tana aiki a wani kamfani mai rassa da yawa, ita ke bin rassan tana koya wa ma'aikata sabon tsarin kwamfuta. Mijinta na cikin masu kafa turakun waya a bayan gari da kan duwatsu, kowa Injiniya yake ce masa. A wata guda da wuya su yi kwana goma a gida tare. Don haka suka haɗa kalanda ɗaya a wayoyinsu, tafiyarsa shuɗi, tata kore. In baƙi sun zo har nuna musu suke yi, suna cewa, "Mu kam komai a tsare yake, yaranmu ba su taɓa kwana su kaɗai ba." Ba ƙarya suke yi ba kuwa. Abin da ba a faɗa wa baƙi shi ne dalilin hakan, dalilin kuma tana kicin a lokacin tana wanke kofin madarar yaro. Inna ta zo ne ta yi wata guda sa'ad da aka haifi ƙaramin jikanta, wanda take tsokana da Ango. Ga Ango nan ya shekara biyu da rabi yana hawa kujera yana dirowa, akwatinta na saman kabad ya yi ƙura.

Aikin idon Inna launin rawaya aka ba shi. Kwana uku da dawowa daga asibiti, mata da miji suka zauna a teburin cin abinci, kowa da wayarsa a hannu.

"Sha biyu ga wata ina wurin turaku, kin sani," in ji Injiniya. "An riga an yanki tikiti."

"Ni ma sha huɗu zan tafi, reshe uku a jere. Ba ni na sa ranar ba."

"To ni na sa tawa?"

Inna tana gefe tana bin Ango da cokali. Ta ga Auta ta ɗora yatsa a kan rawayar, ta ja ta ƙasa, ta sake ta a cikin wata mai zuwa. Ko ƙara abin bai yi ba. Shuɗi da kore ofis ke sa su, ba sa motsi. Rawaya ce kaɗai ke bin yatsa.

"Inna, sati uku kawai aka ƙara. Kin dai ga yadda abin yake."

"Na gani," in ji Inna. "Allah ya kai mu."

Allah ya kai su, ranar kuma ta sake matsawa. Wannan karon babban taron kamfani ne ya faɗo a tsakiyar sati biyun. Karo na uku wani turke ne iska ta kayar, aka kira Injiniya da gaggawa, Auta kuma tana can wani reshe ta makale. Kullum akwai dalili, kullum kuma dalilin na gaske ne, abin da ke gajiyar da mutum ke nan. Da ƙarya suke yi mata da ta san inda za ta kama.

Ranar Inna tun asuba take farawa. Ruwan wanka, abin karin kumallo, neman takalmi ɗaya da ya shige ƙarƙashin gado, kitson Aku da ya warware. Aku ita ce jikarta ta fari a gidan, 'yar shekara bakwai, bakinta ba ya hutawa shi ya sa sunan ya bi ta. Sai a goya Ango, a ɗauki jakar makaranta, a sauka daga bene. Matakala goma sha bakwai ce. Inna ta fi shekara biyu tana hawa tana sauka ba ta san adadinsu ba, sai yanzu da ta fara ƙirgawa a zuci.

A da, ita ke riƙe hannun Aku a tsallaka titi. Wata safiya ta ji yarinyar ta fizge ta baya.

"Tsaya Kaka, ga babur."

Babur ɗin ya wuce ta gaban hancinta, kamar daga ƙasa ya tsiro. Ba ta ga zuwansa ba sam. Daga ranar hannu dai ɗaya ne ake riƙewa, amma Aku ke cewa a tsaya ko a tafi.

"Kaka, ni ce kakarki yanzu," in ji Aku tana dariya.

"Ke da ko goro ba ki iya taunawa ba? Wuce mu je, sarkin surutu."

Ta yi dariyar tare da ita, amma gabanta bai daina faɗuwa ba har suka kai ƙofar makaranta.

A cikin gida abubuwa suka fara yi mata kwanton ɓauna. Bakin ƙofa ya riƙa dukan kafaɗarta. Ta zuba shayi a kan tebur, kofi na nan gefe yana jira. Ta taka motar wasan Ango ta dafe bango da ƙyar. Maganin ido kuwa, ita ke ɗiga wa kanta safe da yamma, rabi ya shiga, rabi ya gangaro ta kunci har bakinta ya yi ɗaci. Duk wannan ba ta kai ƙara ba. Takan goge tebur da sauri kafin wani ya fito, kamar wadda ta yi laifi.

A wata na huɗu Injiniya ya dawo daga tafiya da tsaraba. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta yadda ya saba, don shi mutum ne mai ladabi, babu mai ƙwace masa wannan. Ya miƙo wani tabarau a cikin gidansa na fata, da fitila mai haske kamar ta filin ƙwallo.

"Inna, ga wannan. An ce yana ƙara gani ƙwarai."

Inna ta karɓa da hannu biyu, idonta a ƙasa. Tsakaninta da suruki magana ba ta tsawo.

"An gode, Allah ya yi albarka. Sai dai likita ya ce ba maganar tabarau ba ce."

"Haka ne, haka ne. Wallahi abin yana raina, Inna. Da wannan kwangilar ta ƙare ni da kaina zan ɗauki hutu. Ranar yaushe aka sa yanzu?"

Ya ɗaga murya ya tambayi matarsa da ke falo. Ta ce ai shi ya ce zai kira asibiti wancan satin. Ya ce a'a, ya ɗauka ita ta kira, tunda ita ta ja rawayar. Ashe jan yatsa a waya ba ya kaiwa asibiti. Wata guda cur rawaya tana zaune a kalanda a kan ranar da babu wanda ya karɓa, can kuma an cire sunan Inna daga layi don ba su zo ba. Suka yi ta musu a kan wanda ya ce, da wanda ya ji, da saƙon da aka tura ba a buɗe ba. Inna ta tura ƙofarta a hankali, ta ajiye tabarau a kan taga.

Sau ɗaya ta buɗe baki sosai. Ranar Auta na shirya akwati a kan gado, Inna na ninke mata riguna da laluben hannu.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Duniyar fa ta fara zame mini kamar ina leƙa ta cikin bututu. In na dubi fuskarki, ba na ganin kafaɗunki. Tsoro nake ji."

Auta ta tsaya da takalmi a hannu. Ta zauna a bakin gado, ta ja dogon numfashi. Ita ma a gajiye take, ƙasan idonta ya yi baƙi.

"Inna, kin san ba don ba na so ba ne. Mu biyu ne mata a sashenmu. In na ce sati biyu, gobe a ce ai mace mai yara ba ta iya aikin, a ba wani. Shekara tara ina wahala kafin in kai nan. Me ya sa kullum ni zan haƙura? Shi ba ubansu ba ne? Shi in ya yi tafiya aiki ya tafi, ni in na yi, na bar yara."

"Gaskiyarki ce."

"To kin gani."

"A nemo wata ta riƙe su na sati biyun mana."

"Wa za a yarda da shi a zamanin nan, Inna? Kina jin abubuwan da ake yi wa yara. Ni hankalina ba ya kwanciya sai suna hannunki. Ki ƙara haƙuri, bayan wannan tafiyar. Wallahi bayan wannan."

Inna ta ci gaba da ninki. Ta san 'yarta tana da gaskiya a kan mijinta, ta kuma san shi ma in an tambaye shi zai kawo tasa gaskiyar. Kowa na jiran ɗaya ya fara sassautawa, ana ja ana ja, idonta ne igiyar. Ta so ta ce za ta ɗauki akwatinta ta koma, amma ina za a kai yaran? Ta kira babban ɗanta da ke wata ƙasa mai nisa, ya ce subhanallahi, ai bai san abin ya kai haka ba, zai yi wa Auta magana da kakkausar murya. Ya yi mata kuwa, suka yi faɗa, suka daina gaisawa, ranar aiki dai ba ta matso ko da kwana ɗaya ba.

A wata na bakwai abin ya faru. Uwa da uba duk ba sa gari. Inna ta kai Aku makaranta, ta biya kantin bakin layi sayen burodi. Bayanta ya gaji, ta sauke Ango ta ce ya riƙe bakin zaninta. Ta miƙa hannu ta karɓi leda, sai ta ji zanin ya yi sakayau. Ta duba ƙasa, babu yaro. Ta duba dama, ta duba hagu, bututun nan ya nuna mata tayar mota, ya nuna mata kwata, ya nuna mata ƙafar wani mutum. Motoci na wucewa da gudu. Ledar ta faɗi.

"Ango! Ango!"

Ta nufi titi da hannuwa a miƙe, tana kira, muryarta ta fashe. Mai kanti ya tsallako teburinsa ya riƙo ta.

"Inna, Inna, tsaya. Ga shi nan fa. Ga shi a gefenki."

Yaron na tsaye taku ɗaya daga inda take, yana kallon wata kyanwa. Ko motsi bai yi ba tun farko. Inna ta zube a bakin kanti ta rungume shi, shi kuma yana ture ta don ta tare masa kyanwar. Mai kanti ya kawo mata ruwa, ya raka su har ƙasan bene, bai ce komai ba sai sannu.

Bakin Aku ya kai wa iyayen labarin ta waya kafin magariba, don mai kanti ya faɗa mata. Nan fa gida ya tashi. Auta ta bar reshe ba ta gama ba ta hawo jirgin safe. Injiniya ya miƙa wa mataimakinsa aikin da ya rantse babu mai iya shi sai shi, ya kwana a hanya. Suka duba Ango daga kai har ƙafa, suka sake dubawa. Wata bakwai uwa tana cewa idonta na tafiya ana ce mata bayan wannan tafiyar. Ranar da aka ji ɗa ya tsaya a bakin titi, sai ga shuɗi da kore duk sun iya motsi.

Auta ta rubuta takardar hutun sati biyu, aka sa mata hannu a ranar, babu wanda ya ce mata mace mai yara. Aka kira asibiti. Layin likita ya cika, sai nan da sati shida. Suka karɓa, Auta ta ɗage hutun zuwa ranar aikin.

Cikin sati shidan nan bututun ya yi ta tsukewa. Ya koma kamar bakin kwalba, ya koma kamar ramin makulli. Wata safiya Inna ta idar da salla ta zauna a kan darduma tana jiran gari ya waye ta tashi yara. Ta daɗe a zaune. Sai ta ji Aku a kanta, sanye da kayan makaranta, tana cewa Kaka yau kin makara, rana ta fito tun ɗazu.

Su biyu suka kai ta asibiti, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, duk wanda ya gan su sai ya ce Allah ya ba kowa 'ya'ya irin waɗannan. Likita ya zaunar da ita gaban na'ura, ya haska, ya sake haskawa. Ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Ta ce ba ta sani ba. Ya kunna tocila a fuskarta, ta ce tana jin kamar akwai haske can nesa. Ya koma kujerarsa ya daɗe yana kallon takardu.

"Wata nawa ke nan?"



"Tara saura kwanaki," in ji shi da kansa. "Jijiyar ta mutu. Ko na yi aikin, babu abin da zan tare yanzu. Zan canza mata magani don kada idon ya riƙa ciwo. Iyakar abin da ya rage ke nan."

Auta ta fashe da kuka. Injiniya ya ce ai akwai manyan likitoci a waje, ko nawa ne zai kai ta. Likita ya ce ya kai ta inda yake so, jijiyar ido in ta mutu ba a dasa wata. Inna ce ta lalubo hannun 'yarta tana bubbugawa, tana cewa ya isa, ya isa, haka Allah ya so. Ita aka yi wa rashin, ita ce kuma mai rarrashi.

Kwana biyu gidan ya yi tsit. Auta ta riƙa kai mata abinci har ɗaki, ta ɗiga mata magani da hannunta, karo na farko ɗigon ya shiga inda ya kamata. Ta wanke mata kai, ta yanke mata farce. Inna ta ji daɗin hannun 'yarta a jikinta, ta yi tunanin ko ba komai akwai sauran kwana goma sha biyu irin wannan. Injiniya ya koma wurin turakunsa a rana ta biyu, tunda matarsa tana hutu.

A rana ta uku da yamma Auta ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi ciwon kai, ta tambayi ko a ƙara matashi.

"Faɗi abin da ya kawo ki, Auta."

"Inna, daga ofis ne suka kira. Sun ji ba a yi aikin ba. Kin san hutun na jinyar aiki ne na rubuta. To reshen nan da na bari ban gama ba, sun ce in ba ni ba sai a ba wani. Kwana biyar ne kawai. Na samu wata mata, za ta riƙa zuwa da safe ta tafi da yamma, ita za ta yi komai. Ke dai kina nan tare da su, hankalina a kwance. In na mayar da sauran hutun yanzu, zai yi mana amfani gaba."

Inna ta jingina da matashi. Ta ji wata gajiya ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda barci ba ya maganinta. Ba ta da sauran abin da za ta roƙa, don abin da take roƙo a kansa ya riga ya tafi.

"Je ki," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Irin wannan gida ba a jin ihu daga cikinsa. Babu wanda ya zagi Inna, babu wanda ya hana ta abinci, maƙwabta za su shaida ana durƙusa mata safe da yamma. Mutum biyu ne masu ilimi da tsari, kowanne yana son ta, kowanne kuma ya auna aikinsa ya ga ba ya ɗaguwa, ya auna na abokin zamansa ya ga ba zai ɗagu ba sai da faɗa, sai suka dubi tsohuwar da ba ta iya cewa a'a suka ɗora mata. Suka ci gaba a wurin aiki, yara suka yi ƙiba, aure bai girgiza ba. Da idonta aka yi duk wannan, har yau kuma in an tambaye su cewa suke yi ciwon ne ya zo da sauri.

Da safe motar haya ta tsaya a ƙasan bene. Inna ta ji tayoyin akwati a kan tayil, ta ji turaren 'yarta ya matso, ya sumbaci goshinta, ya yi nisa. Aku ta ja ta zuwa baranda, Ango na maƙale da ƙafarta. Ƙofar mota ta buɗe a ƙasa.

"Kaka, Mama na ɗaga miki hannu."

Inna ta ɗaga nata, ta shiga kaɗawa a hankali.

"Ba nan ba, Kaka, bango kike yi wa. Juyo nan."

Yarinyar ta kama kafaɗunta da ƙananan hannuwa ta juya ta wajen titi. Inna ta ci gaba da kaɗa hannu, tana ta kaɗawa, har Aku ta kamo hannun ta sauke mata shi.

"Ya isa, Kaka. Tun ɗazu suka sha kwana."